Sun karɓi baftismata, amma mahaifiyata ba ta ci Jibi ba a ranar aurena

Duk wanda ya ji cewa ni ɗan Angilikan daga Wusasa zan auri 'yar Katolika, kan takardu yake fara yi mini kashedi. Wai za su juya ni, za su ce sai an sake yi mini baftisma, za su sa ni in rattaba hannu in bar cocinmu. Ko ɗaya bai faru ba. Na kai katin baftismata da na tabbatarwa, wato ɗora hannun da bishop ke yi wa wanda aka riga aka yi wa baftisma, Fada ya duba ya ga an yi mini da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kamar yadda yake a Matiyu 28:19, ya ce shi ke nan, baftisma ɗaya ce, ba a maimaita ta. Ya nemi izinin bishop a nan Zariya, domin tun da aka kafa dayosis ɗin Zariya a shekarar 2000 ba sai an je Kaduna ba. Matata ta yi alkawarin za ta yi iya ƙoƙarinta a yi wa 'ya'yanmu baftisma a rene su a Katolika. Ni an sanar da ni alkawarin ne kawai, ba a ce in ɗauka ba. Izini ya fito, aka yi sanarwar aure. Wannan duk ko gumi bai sa ni ba.

A wajen Jibin Ubangiji ne abin ya ɓaci.

A ajin shirin aure an karanta mana sakramenti bakwai na Katolika: baftisma, tabbatarwa, Jibi, furta zunubi, shafa wa marasa lafiya mai, naɗin firist, da aure. An ce babban taron bishop-bishop na Katolika a garin Trent ne ya jaddada adadin a 1547. Ni kuwa tun ina ajin tabbatarwa na haddace cewa biyu ne Yesu ya kafa da kansa cikin Bishara, Baftisma da Jibi, sauran biyar ɗin muna yinsu amma ba ma ajiye su a matsayi ɗaya. Sai na ɗauka bambancinmu na lissafi ne, su bakwai mu biyu, kowa ya riƙe nasa. Da aka zo tsara ranar, aka tambaya ko za a yi da Mas, wato sujadar Katolika da ake cin Jibi a cikinta, dangin amarya suka ce wace irin tambaya ce wannan, ai mawaƙa ma sun fara gwaji. An gaya mini a tsaitsaye cewa ni ba zan karɓa ba, na zaci don ban furta zunubi gaban Fada ba ne kamar yadda amarya ta yi. Babu wanda ya buɗe baki ya ce: danginka ma ba za su karɓa ba, je ka gaya musu.

Sai ka san mahaifiyata kafin ka gane girman abin. A Wusasa aka haife ta, inda mishan ta koma a 1929 bayan ta bar cikin birni, kuma a tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa aka yi wa iyayenta aure. Labarin ɗan mishan Likita Miller da zamansa a birnin Zariya daga 1905, da fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, tana ba da su kamar labarin gidansu. Tun ranar da bishop ya ɗora mata hannu tana yarinya, ba a taɓa cewa ta koma da baya daga teburin Ubangiji ba. Kuma ba ta cin Jibi da wasa. Akwai 'yar tsama tsakaninta da Goggo kan kayan lefe, amma ana gobe aure ta tashi ta je ta same ta suka shirya, don ta ce ba za ta miƙa hannu ga gurasa da ƙulli a zuciya ba, Matiyu 5:23 zuwa 24 bai ba ta dama ba.

Lokacin Jibi ya yi. Ita da 'yan zumuntar mata da suka rako ta, duk cikin anko, sun riga sun miƙe sun fara fitowa daga benci, sai katakis ya ɗauki makirfo ya sanar, da Turanci sannan da Hausa, cewa Katolika da suka shirya kaɗai za su matso, sauran baƙi su zauna su yi addu'a. A gaban jama'a suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya. Ina durƙushe a gaba ina jin ƙarar benci. A wajen liyafa ba ta ce uffan ba, ta yi rawa, ta yi liƙi. Sai da aka watse ta ce mini, ba tare da ta ambaci sunana ba tun da ni ne ɗan fari: "Kai, an kira ni biki, an ce in wanke hannu, sannan aka rufe akushi."

Bayan biki na koma wurin Fada da zafina. Ya saurare ni, ya yi mini bayanin da ya kamata a ce na ji tun farko. A wurinsu, bayan firist ya yi addu'ar tsarkakewa, gurasa da ruwan inabi sun zama jiki da jinin Almasihu na hakika, ba alama ba. Karɓarsu kuma shaida ce cewa kana cikin cikakkiyar tarayya da ikilisiyarsu, da koyarwarta, da bishop, da Fafaroma. Ko ɗan Katolika da ke ɗauke da babban zunubi ba ya matsowa sai ya furta, kuma ana barin ci da sha na awa ɗaya kafin a karɓa, ban da ruwa da magani. Dokarsu ta 1983 ta bar ƙofa ga Kirista irinmu a halin bakin mutuwa ko wata matsananciyar bukata, shi ma da sharuɗɗa, amma biki ba ya ciki. Har ya ƙara mini da abin da ban tambaya ba: tun 1896 Fafaroma Leo na 13 ya ce Roma ba ta amince da naɗin limaman Angilikan ba, saboda haka matata ma ba za ta ci Jibi a cocinmu ba. Mu kuwa koyarwarmu ta ce ana cin jikin Almasihu a ruhaniya ta wurin bangaskiya, ba mu yarda cewa gurasar ta sāke ainihinta ba.

Ban yarda da duk abin da ya faɗa ba, har yau ma. Amma in za a yi gaskiya, kowace coci da shingenta. Mu ba ma ba yaron da bai yi tabbatarwa ba. Abokaina na ECWA da Baptis, in ka je musu da baftismar jarirai, ajin baftisma za su sa ka a nutsar da kai cikin ruwa, abin da Katolika ba su yi mini ba. Wanda aka sa a horo a can shi ma zama yake yi ana wuce shi da faranti. Ba shingen ne ya ƙona mini rai ba.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne da na gano cewa a littafinsu akwai tsarin ɗaurin aure ba tare da Mas ba, kuma shi ne aka saba ba da shawara a bi idan ɗaya daga cikin ma'auratan Kirista ne amma ba Katolika ba, daidai don gudun irin abin da ya same mu. Karatun Littafi, wa'azi, alkawari, zobe, albarka, a tashi. Auren bai ragu da komai ba, domin a koyarwarsu ango da amarya ne ke ba juna sakramentin ta wurin yardarsu, firist shaida ne a madadin ikilisiya. An zaunar da mu ana koya mana yadda za mu tsara kasafin gida da zama da surukai, amma wannan magana guda da ta shafi surukan kai tsaye ba a taɓo ta ba.

Kuma matata ce ta biya kuɗin sabulu. Wasu dangina suka ce ta sani ta yi shiru. Ita kuwa a Katolika ta tashi, a wurinta abin a bayyane yake kamar rana, ba ta taɓa zaton akwai wanda bai sani ba. Mama ta ɗauke ƙafa daga gidanmu har aka fara magana. Sai da matata ta je Wusasa ta durƙusa ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ban san ba a gaya muku ba." Mama ta ce, "Tashi 'yata, ke ba ki da laifi." Ta faɗi haka, amma an daɗe kafin ta sake taka wata cocin Katolika.

Don haka duk mai shirin irin wannan aure, a Sabon Gari ne ko Samaru ko Tudun Wada, ranar da ka fara zama da Fada ka tambaye shi: da Mas ko babu? In dangin amarya sun dage sai da Mas, to ka je da ƙafarka wurin mahaifiyarka da Baba da Kawu da shugabar zumunta, ka gaya musu dalla-dalla wa zai tashi, wa zai zauna, da dalili. Kada ka bari su ji daga makirfo. A rubuta shi ma a takardar tsarin sujada. Wasu wurare ana barin baƙo ya matso da hannuwa a ƙirji a sa masa albarka, shi ma ka tambaya, kada ka ɗauka.

Da aka haifi 'yarmu, kafin a sa ranar baftisma na je na yi tambayoyina tsaf. Ashe a nan ma akwai wani shingen: uba ko uwar baftisma dole Katolika ne da ya yi tabbatarwa yake cin Jibi, amma Kirista na wata ɗarika zai iya tsayawa a matsayin shaida tare da shi. Yayar matata ta zama uwar baftisma, ƙanena ya tsaya shaida, na roƙa a yi ranar Asabar ba tare da Mas ba, na kuma je Wusasa na zayyana wa Mama komai tun da wuri. Ta zo da 'yan zumuntarta, ita ta miƙa jaririyar, sannan ita da surukata suka kama gardama a ƙofar coci kan wane suna za a riƙa kiran yarinyar da shi a gida.