Asabar a Belmar, mun je ganin gidan haya

Yau kam na gaji, ƙafafuna har zugi suke. Baban Ummi ne ya matsa tun makon jiya wai sai mun je Lakewood, nan kusa da Denver a jihar Colorado ta Amurka, mun ga wani gida, tunda aka mai da shi aiki can yammacin Denver kullum ƙorafinsa go-sulo da kuɗin mai. Ni dai ba don raina ya so ba na shirya yara, muka bar Aurora bayan azahar, muka miƙe titin Alameda, shi ɗin dai ne ya ratsa Denver gaba ɗaya har ya kai mu inda ya haɗu da Wadsworth, to nan ne Belmar.

Na ɗauka irin unguwannin nan ne da in kishin ruwa ya kama ka sai ka tada mota kafin ka sami kanti. Ashe ba haka ba ne. Tituna ne ƙanana a jere, shaguna a ƙasa, gidajen kwana da ofisoshi a sama, mutane na ta yawo a ƙafa da karnukansu duk da sanyin nan mai shiga ƙashi. Ga silima, ga manyan kantunan Target da Whole Foods, duk ba wanda zai ɗauke ka minti goma a ƙafa. Na ce Baban Ummi wannan ai Sabon Garin Kano ne aka wanke aka goge, shago a ƙasa 'yan haya a bene. Ya ce in rage murya.

Gidan da aka nuna mana ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku. Gaskiya ya yi kyau, taga babba, in ka leƙa kana hango duwatsun Rocky fari fat da ƙanƙara. Amma kicin ɗin a cikin falo yake babu ko ƙofa, na tsaya ina lissafin ranar da zan soya manja da daddawa, ai har maƙwabtan sama sai sun san me muka ci. Wurin shanya babu. Yarinyar da ke nuna mana sai murmushi take tana lissafa mana wurin motsa jiki da wurin wankan kare, da ta faɗi kuɗin wata kuwa, ban da na ajiye mota da na shara, na ga Baban Ummi ya fara sosa ƙeya. Muka ce za mu yi shawara.

Da muka fito yara suka hango filin tsakiya inda ake zuba ƙanƙara lokacin sanyi ana zamiya da takalmin ƙarfe, Ummi ta kafe sai ta shiga. Ubanta ya kama hannunta suna ta tangal-tangal a gefe, ni na samu benci na zauna da ƙaramin. Nan wata tsohuwa Baturiya da ta kawo jikanta ta ja ni da hira, ta ce tana budurwa nan ta yi aikin sayar da takalma, lokacin duk wurin nan gini ɗaya ne rufaffe, Villa Italia sunansa, wani makeken mol, wato rukunin kantuna, da aka buɗe a 1966, filin ajiye motoci ya zagaye shi ta ko'ina. Ta nuna min da sandarta wai can wajen ne ƙofar da take shiga da safe, na duba ban ga komai ba sai gidan abinci da wani saurayi yana goge tebur. Ta ce a da duk wanda ke yankin nan yake zuwa sayen kayan Kirsimeti, daga baya sababbin mol suka buɗe a wasu wurare, manyan kantuna suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya, ƙananan suka bi su, har aka rufe a 2001 aka rushe.

Abin da ya tsaya min a hirar tata shi ne wai Lakewood ba ta taɓa samun tsakiyar gari ba. Unguwanni ne kawai da suka bazu a bayan Denver, sai a 1969 ma aka haɗa su aka ce birni ne, wato mol ɗin ya girmi birnin. Shi ya sa da ya mutu hukumar garin ba ta so a sake kafa wani irinsa ba, suka haɗa kai da kamfanin Continuum Partners aka yanka filin, eka 104, aka fitar da tituna aka yi layuka 22, kashin farko ya buɗe a 2004. Ita tsohuwar ba ta wani yi kewar tsohon ba, ta ce ƙarshensa duhu ne da shaguna a kulle. Abin da ke damunta ɗaya, yaran da ke aiki a shagunan nan yawancinsu ba a benen sama suke kwana ba, daga nesa suke zuwa. Na ce a raina har da mu Hajiya.

La'asar ta kusa kuɓuce mana, a garejin motoci muka yi, Baban Ummi ya shimfiɗa darduma tsakanin motarmu da bango, siminti kamar ƙanƙara. Wani mai gadi ya wuce ya kalle mu ya ɗaga hannu ya yi gaba abinsa.

Na sayi safar hannu wa yara kafin mu tafi, a rasit na ga wani ɗan ƙarin kuɗi daban da haraji, na tambaya aka ce na biyan bashin da aka yi tituna da garejoji ne, duk mai sayayya a wurin yana biya. To madalla, ni ma na sa hannu a ginin gari.

A mota muka yi ta ja. Shi yana lissafin awa guda da zai rage a hanya kullum, ni ina lissafin nawa. Masallacin Abubakar da ke Parker Road yana kusa da mu yanzu, islamiyyar yara nan take, naman halal da garin tuwo da busasshen kifi duk a shagunan titin Havana nake saye, in na yi dare a wurin aiki akwai maƙwabciyata 'yar Kumasi da ke ɗauko min su Ummi. A Belmar zan iya zuwa silima a ƙafa, to sau nawa nake zuwa silima? Ko jirgin ƙasa na W Line da ake ta yabo ba a bakin wurin yake tsayawa ba, sai ka ƙara da bas. Ya ce ke dai ba kya son canji, na ce Baban Ummi kawo kuɗin hayar tukuna sai mu yi maganar canji. Dariya ya yi bai ce komai ba.

Ummi ta faɗi sau ba adadi, gwiwarta ta ɗan kumbura na shafa mata man zafi, amma har ta yi barci tana tambaya yaushe za mu koma. Gobe aikin safe gare ni ƙarfe shida, kayan makaranta ma ban wanke ba. Ya ce ranar Laraba akwai wani gidan a bayan Wadsworth da ya fi sauƙi, shi kaɗai zai je ya ɗauko min bidiyon kicin ɗin.