Godiya ga waɗanda suka kama mana igiya daga Korfu zuwa Itaka

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi, mun mayar da jirgi tsibirin Korfu lafiya bayan kwana 14 a tekun Ayoniya, ɓangaren Bahar Rum da ke yammacin ƙasar Girka. Mu takwas ne, manya biyar da yara uku, a jirgin haya mai tafiya da iska, tsawonsa mita 13. Daga Korfu muka gangara Gayos a tsibirin Paksos, sai Preveza, sai mashigin Lefkada, Meganisi, Fiskardo a Kefaloniya, Vati a Itaka, sannan muka juyo arewa. Tafiyar ta haura mil 200 na ruwa, kowane mil kuwa mita 1,852 ne. Babu wanda ya ji rauni, jirgin ma ko ƙwarzane bai samu ba. Godiya ta farko ta Allah ce. Bayan haka akwai mutanen da yawancinsu ko sunansu ba mu tambaya ba. Za mu faɗi abin da kowannensu ya yi filla-filla, domin haƙƙinsu ne, kuma domin 'yan uwan da suka ce suna shirin irin wannan tafiya baɗi.

Muna gode wa ma'aikacin da ya damƙa mana jirgin. Awa biyu ya yi da mu bai nuna gajiya ba. Ya sa kowane babba ya taɓa makunnin da ke rufe ruwan teku a ƙarƙashin inji da hannunsa, ya nuna mana rariyar da ke tace wannan ruwan, da inda fis ɗin injin jan anka yake (anka ita ce ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi), da sandar da ake tuƙi da ita idan sitiyari ya ƙi. Ya warware sarƙar anka a gabanmu muka ga fentin da ke kowane mita 10. Sannan ya ɗauko ledar kayan gyara ya fito da sabuwar farfelar roba ta famfon ruwa da gasket ɗinta, ya ce a ajiye su kusa, kada a tura su can ƙasan akwati. Wannan maganar ce ta fisshe mu bayan kwana uku.

A bakin hanyar shiga Preveza ƙararrawar zafin inji ta kaɗa. Wurin ba na wasa ba ne: hanya ce da aka yashe aka sa mata alamomi ja da kore, hagu da dama duk ruwa ne marar zurfi, ga igiyar ruwa tana fita daga mashigin Amburakiya da ƙarfi. Godiyarmu a nan ta Kawu ce, mataimakin matuƙi, da wani makanike na garin da ya tsaya mana a waya. Abin da aka fara yi shi ne leƙa salansa, aka ga ba ta tofar da ruwa. Nan take aka kashe inji, aka buɗe tantin gaba, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgi, aka juya goshin jirgi zuwa tsakiyar teku tun kafin a shiga matsatsi. Injin jirgi da ruwan teku yake hucewa. Famfo ne ke zuƙo ruwan ta ƙasa, kuma farfelar da ke cikinsa ta roba ce, ruwan ne man shafawarta. Leda ɗaya ta toshe bakin tiyo, farfelar ta juya a bushe, cikin 'yan mintuna fukafukanta suka ƙone.

Ga yadda makaniken ya bi da Kawu: a rufe makunnin ruwan teku tukuna, in ba haka ba ruwa zai kwararo cikin jirgi. A buɗe rariya a cire abin da ya toshe. A kwance sukurorin murfin famfo a zuba su a kofi, don idan ɗaya ya faɗa ƙarƙashin inji ya tafi ke nan. A zaro tsohuwar farfela, a ƙirga fukafukanta. Cikin shida, huɗu ne suka rage. A shafa wa sabuwar sabulun wanke kwano, ba giris ba, domin giris na cinye roba. A mayar da murfi da sabon gasket, a buɗe makunni, a tayar da inji, a tsaya a baya sai an ga ruwa yana fita da hayaƙi. Fiffike ɗaya an same shi a bakin famfo. Na biyun makaniken ne ya zo da sassafe ya zaƙulo shi daga bakin bututun da ke hucar da inji. Ya ce masu gaggawa a nan suke faɗuwa: su canza farfela su manta da guntayen, washegari zafin ya dawo suna mamaki. Kuɗin aikin safiyar kawai ya karɓa, na wayar ya ƙi. Allah Ya yi wa sana'arsa albarka.

A ruwan Preveza ne Hairuddin Barbarosa, kwamandan jiragen yaƙin Turkawa, ya ci rundunar jiragen Turawa da Andariya Doriya ke jagoranta da yaƙi a 1538, yaran sun ji labarin daga bakin mai sayar da kifi a kasuwar garin, shi ma mun gode masa.

Masu kula da gadar Lefkada mun gode musu a taƙaice. Gada ce mai yawo a kan ruwa, lokacin da muka je a kan awa ake buɗe ta, kuma bakin arewa yashi na taruwa a cikinsa. Wanda ya iso da wuri gara ya jira a waje da ya cusa kai cikin ƙaramin fili inda jirage goma ke kewaya juna.

Mai gidan abincin da ya karɓe mu a Meganisi ya fito da kansa ya miƙo igiyar da aka riga aka ɗaure a ƙasan ruwa, ba mu jefa anka ba. Ya gargaɗe mu a sa safar hannu saboda ƙananan katantanwa masu kaifi da ke manne da ita, a kuma cire giya har sai igiyar ta nutse, kada farfelar da ke tura jirgi ta naɗe ta. Da muka ce ba ma cin naman alade, ba ma son abin da aka dafa da barasa, bai ɓata rai ba. Ya gasa mana kifi a waya daban, ya faɗa mana gaskiya cewa tsiren da ake sayarwa a yawancin wurare na alade ne sai an tambaya.

Fiskardo ce ta fi buƙatar hannun mutane. Ƙaramin gari ne, yana cikin 'yan wuraren Kefaloniya da girgizar ƙasa ta 1953 ba ta rushe ba, shi ya sa kowa ke son kwana a can, a watan Yuli kuwa kafin azahar wuri ya cika. A tashoshin nan da baya ake shiga. Ana sakin anka a nesa kamar tsawon jirgi uku zuwa huɗu, wato mita 40 zuwa 50 a namu, a yi ribas a miƙe ana sakin sarƙa ba tsayawa, a jefa igiyar ɓangaren da iska ke bugowa tukuna, sannan ɗayar, a ƙarshe a ja sarƙa ta yi tauri. Wasu dattawa biyu mata da miji daga jirgin da ke kusa suka sauko suka kama mana igiya, suka gyara matasan roba da ke tsakanin jiragenmu, ba tare da ihu ko nuna sani ba. Duk wanda ya taɓa shiga tasha iska na bugun gefe ya san darajar wannan natsuwa.

Da safe ankarmu ta ɗauko sarƙar wani jirgi. A tasha mai lanƙwasa irin wannan dole sarƙoƙi su hau juna, ba laifin kowa ba ne. Wani matashi mai kwalekwalen roba ya taso ya nuna hanyar da ta dace. A ja anka har sarƙar maƙwabci ta bayyana a saman ruwa. A zura igiya ta ƙarƙashinta a ɗaure bakinta biyu a goshin jirgi, nauyin ya koma kan igiyar. A saki anka ƙasa kaɗan ta kuɓuta, a janye ta gefe, sannan a kwance baki ɗaya na igiyar sarƙar ta koma ruwa. Shi kuma mai ɗaya jirgin ya tayar da injinsa ya sassauta sarƙarsa, don bayansa kada ya daki siminti. Abin da matashin ya fi nanatawa shi ne kada a kuskura a sa hannu ko ƙugiyar sanda, nauyin sarƙa mai tauri ya isa ya cire yatsa. Mun miƙa masa ɗan abin goro ya ɗaga hannu ya wuce.

Muna gode wa tsohon masuncin da ya tsare mu da magana kan iskar Itaka. Iskar bazara ta yankin, wadda suke kira mayistiro, daga arewa maso yamma take tasowa wajen tsakar rana, ta yi ƙarfi da la'asar, ta kwanta bayan faɗuwar rana. Wannan kowa ya sani. Abin da ya ƙara mana shi ne, a mashigin da ke kaiwa Vati iskar na faɗowa daga kan duwatsu gaba ɗaya, ta fi wadda hasashen waya ya nuna nesa ba kusa ba. Saboda maganarsa aka rage babban tanti tun a fili, da iskar ta sauko jirgin bai kwanta ba. Shi ne kuma ya tuna mana a nemi farin yashi kafin a saki anka. Duhun da ake hange a ƙasa ciyawar teku ce, anka ba ta kama ta, ƙari ga haka tumɓuke ta ɓarna ce ga mazaunin kifi. A zurfin mita 6 muna sakin sarƙa mita 30, mu yi ribas a hankali har ta miƙe, mu daidaita alama biyu a tudu mu ga ko suna gocewa.

A cikin gida, Gwaggo ce ta riƙe lissafin ruwa da abinci. Tankunan lita 500 ne, mutum takwas kan shanye su cikin kwana uku in ba a kula ba. Ta tsara a wanke kwano da ruwan teku a ɗauraye da na tanki, alwala ma da na teku, tunda mai tsarki ne. Na sha daban yake a robobi, lita biyu zuwa uku ga kowa a yini. Yaya kuma ta ɗauki nauyin yara: rigar ceto a jiki muddin jirgi na tafiya, da igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, domin in babu ita rigar na zamewa ta kai. Babban yaron ya riƙe kamfas na salla. Alƙibla daga tsibiran nan wajen digiri 130 take, kudu maso gabas, kuma jirgin da ke kan anka juyawa yake yi, saboda haka a duba kafin kowace kabbara.

Rediyon oba-oba a kunne ya yini a kan lamba 16, tashar kiran gaggawa, kullum, ba mu kai ga kiran neman ceto ba. Amma ba mu manta wane teku muke kai ba. A kudancin wannan ruwan, kusa da Pilos, jirgin bakin haure ya nutse a watan Yunin 2023, ɗaruruwan mutane suka rasu. Mun yi musu addu'a, da sauran 'yan Afirka da Bahar Rum ta ci, muna roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa su a tasa addu'ar.

Inna da Baba, da ƙannenmu da suka riƙa bin saƙonmu kowane dare suna tambayar inda muka kwana, mun gode da addu'a da haƙurin kwanakin da waya ba ta shiga. Maƙwabcinmu da ya kula da gida, da wanda ya kai mu filin jirgin sama ya kuma ɗauko mu, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci.