Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda ƙwallon Amurka ta shigo gidana

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda muka tashi daga ɗakunan da muka fara sauka, muka koma gidan haya mai ɗan fili a birnin Kansas na jihar Misuri, a bazarar 2014. Yau zan ba ku labarin abu na farko da ya raba ra'ayina da na uwargida tun da muka zo ƙasar nan.

Duk wanda ya zauna a garin ya san da Satumba ta kama, gari yake rinewa ja. Direban bas, ma'aikaciyar banki, 'yan makaranta, kowa da jar rigar ƙungiyar Chiefs. Ranakun mako ma an raba su: daren Juma'a na 'yan sakandare ne, Asabar ta jami'o'i, Lahadi kuma ta ƙwararrun gasar NFL mai ƙungiyoyi 32. Ni kuwa ɗan Kano Pillars ne, a filin wasa na Ƙofar Mata na koyi kallon ƙwallo. Abin da nake gani a talabijin ɗinsu bai taɓa shiga kaina ba. Ƙarti su sunkuya, su gwabza na 'yan daƙiƙoƙi, a busa usur, su tashi su sake taruwa. Sai in sauya tasha.

A watan Agusta ɗana na fari, yana da shekara 14, ya kawo mini takarda daga makaranta. Kocinsu ya ga gudunsa, ya ce ya zo a gwada shi, amma sai likita ya duba shi, uba kuma ya sa hannu. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah." Na ce masa ba na sa hannu a kan abin da ban sani ba, ya ba ni kakar bana in kalla tukuna. Ransa bai so ba, amma bai yi musu ba.

Maƙwabcinmu wani dattijo ne baƙar fata, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya buga wasan a ƙuruciyarsa. Ranar da ya ji daga Najeriya nake, sunan da ya fara fita daga bakinsa shi ne Christian Okoye, mutumin Enugu wanda jifan faifai ya kawo shi Amurka, bai taɓa wannan wasa ba sai da ya haura shekara ashirin, amma a 1989 ya fi kowa a NFL cin fili da gudu, yadi 1,480, sanye da rigar Chiefs. Dattijon nan shi ya zama malamina. Duk Lahadi bayan azahar ni da yaron muna falonsa.

Darasin farko da ya ba ni shi ne in daina kallon mutanen, in kalli ƙasa, domin a kan ƙasa ake faɗan. Filin yadi 100 ne daga layin wannan gida zuwa na wancan, yadin nan dai da ake auna shadda da shi a Kantin Kwari. Bayan kowane layi akwai ƙarin yadi 10, nan ne gidan da ake neman shiga. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama huɗu, wadda suke kira dawun, su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu wasu huɗun, su ci gaba da tura abokan karawa baya. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren a daidai inda aka tsaya. Shi ya sa ba kasafai ake kasada da dama ta huɗu ba. In gida yana da nisa, sai a fito da mai bugu ya narka ta can da ƙafa, don abokan karawa su faro daga nesa. In an matso, sai a gwada buga ta ta wuce tsakanin dogayen sandunan nan biyu, a samu maki 3.

Da na gane wannan sai lambobin da ke ƙasan talabijin suka fara yi mini magana. Idan aka rubuta ta uku da 7, ana nufin dama ta uku ce, saura yadi 7. A nan ne zuciyar wasan take, a nan za ka ga dattijon ya matso bakin kujera. A gefen fili kuma akwai masu riƙe da sanduna biyu da sarƙa mai tsawon yadi 10 a tsakaninsu. A wancan lokacin, idan ido ya kasa rabewa, sai alƙali ya tsayar da wasa, a shigo da sarƙar a auna a gaban kowa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Na ga an hana ƙungiya abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba, kuma babu wanda ya bi alƙali da gudu.

Shiga gida da ƙwallo a hannu, ko cafe ta a cikin gidan, shi ne tacdawun, maki 6. Daga nan sai ka zaɓa, ko ka buga tsakanin sanduna ka ƙara 1, ko ka sake kutsawa daga kusa ka ƙara 2. Akwai kuma maki 2 da masu tsaro ke samu idan suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidan da ƙungiyarsa take karewa, amma wannan ba kullum ake gani ba.

Taruwar nan da nake ɗauka ɓata lokaci ce, ashe shawara ce. Daƙiƙa 40 gare su tsakanin wannan karo da na gaba, a cikinsu kwatabak, wato madugun masu kai hari, zai sanar da kowa dabarar da za a yi, bayan koci ya faɗa masa ta na'urar da ke cikin hular kwanonsa. Sai su jeru a layin karo, na tsakiya ya miƙo masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Ko ya danƙa wa mai gudu, ko ya jefa gaba. Jifan gaba sau ɗaya tak aka yarda a kowace dama, kuma daga bayan layin. In ta faɗi ƙasa babu wanda ya cafe, dama ta tafi, agogo ya tsaya. In ɗan tsaro ne ya cafe, ƙwallo ta zama tasu nan take, yana iya zurawa da ita. Masu hari daban, masu tsaro daban, masu bugu daban, ana ta shiga ana fita ba iyaka. Zango huɗu ne na minti 15 kowanne, amma saboda tsayawar agogo sai a kwashe awa uku.

Babu jan kati a aljihun alƙali, ƙyalle ne mai ruwan ɗorawa yake jefawa ƙasa, hukuncin kuma da fili ake biya. Ɗan hari ya motsa kafin lokaci, a mai da su baya yadi 5. Ya riƙe rigar mai tsaro, yadi 10. Wanda ya finciki ƙarfen fuskar hular wani, yadi 15.

Daren Litinin 29 ga Satumba 2014 ba zan manta da shi ba. Muna cikin goman farko na Zulhijja, saura kwanaki Babbar Salla. Chiefs sun karɓi New England Patriots a filinsu na Arrowhead. A daren ne 'yan kallo suka kafa tarihin ƙara a filin wasa, ma'auni 142.2 na ƙarfin sauti. Dattijon ya ce ihun nan aiki ne: idan baƙi ke riƙe da ƙwallo, ana yi ne don kada su ji umarnin madugunsu, ko wani ya ruɗe ya motsa, a ci su yadi 5. A zango na huɗu Tom Brady, madugun Patriots, ya yi jifa, wani mai tsaron baya na Chiefs ya tare ta, ya zura yadi 39 har gida. Yana shiga ya zame a kan gwiwoyinsa, ya kai goshi ƙasa.

Yaron ya miƙe tsaye ya ce, "Baba, sujada ya yi!"

Husain Abdullah ke nan. Shi da yayansa Hamza sun ajiye wasa kakar 2012 gaba ɗaya, suka tafi aikin Hajji. Kafin mu gama murna sai ga ƙyalle a ƙasa, an ci Chiefs yadi 15, domin dokar lokacin ta hana murna a ƙasa. Raina ya ɓaci sosai. An tashi 41 da 14, Chiefs suka yi nasara, amma ni ƙyallen nan ne ya tsaya mini. Washegari NFL ta fito ta ce bai kamata a hukunta shi ba, wanda ya kai ƙasa don ibada ba a jefa masa ƙyalle. Shi kansa ya ce yana ganin zamewar ce ta jawo hukuncin. Ko ma mene ne, na ga fuskar ɗana a daren. Yaro ne da ke ɓoye sallarsa a makaranta, ya ga Musulmi ya yi sujada a gaban Amurka duka. Daga nan zuciyata ta fara karkata.

Uwargida kuwa ba ta karkata ba. A gidan kula da tsofaffi take aiki, ta san yadda mutum yake idan ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ba ta kiran sunan ɗan fari, don haka ta ce, "Malam, yaron nan kai ɗaya gare shi. Ka sani bara NFL ta amince za ta biya tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765 saboda raunin ƙwaƙwalwa? Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana abin ciki girgiza." Ban da amsar da zan ba ta, domin gaskiya ta faɗa. Haɗarin wasan tsoho ne. A 1905 mace-mace sun yi yawa har shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa, kuma cikin gyare-gyaren 1906 ne aka halatta jifan gaba don a rage cunkoson karo. Abin da ya biyo baya ma ya ƙara wa maganarta nauyi: Husain ɗin nan ya yi ritaya a 2016 bayan ya bugu a ka sau biyar, sannan a 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da iyalansu suka bayar bayan rasuwarsu, suka sami cutar da yawan bugun kai ke haddasawa a 110.

Mun shafe hunturun nan muna kai da komo. A ƙarshe na je na zauna da kocin, na tambaye shi a wane gurbi zai sa yaron da kuma abin da suke yi idan yaro ya bugu. Ya ce can gefe zai sa shi, cikin masu tare jifa, ba cikin ƙartin tsakiya masu karo a kowace dama ba, kuma dokar jiha ta wajabta a fitar da duk yaron da ake zargin ya bugu a ka, ba zai dawo ba sai da izinin ma'aikacin lafiya. Na dawo gida na gindaya nawa sharaɗin: ranar da aka ce kansa ya bugu, ko sau ɗaya ne, wasa ya ƙare. Uwargida ta ce ita dai ba ta hana ba, amma ƙafarta ba za ta taka filin ba. A haka na sa hannu a farkon 2015.

Sai ga jadawalin atisayen bazara ya fito, ya faɗo tsakiyar azumi, ga rana mai tsawo, ga zafin Yuni. Yadda muka ƙare da kocin a kan wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.