Abin da zan bar wa yaran situdiyo

Ƙarshen watan nan zan ajiye aikin tace bidiyon waƙoƙi a situdiyon da aka san ni da shi a nan Sakkwato. Yaran da suka shigo bayana sun matsa in bar musu ɗan abin da na koya. To, kusan duk abin da na sani yana cikin labarin wata waƙar maraici, wadda wasunku suna wurin aka yi, wasu kuma abin da Oga ya faɗa musu kawai suka ji.

Mawaƙin matashi ne, mahaifiyarsa ba ta daɗe da rasuwa ba. A baiti na biyu muryarsa tana karyewa, ya kuma hana a gyara wurin. Da jin haka na san ba fuskarsa ce za ta ɗauki nauyin bidiyon ba. Oga ya yi tafiya, aikin ya faɗo hannuna.

Muka yi sammako zuwa wani gida a gefen Kwalkwalawa, hunturu ya kankama. Mai kyamara ya san darajar hazon nan: yana tausasa haske, fata ta fito da kyau ba sai an jibga fitilu ba. Ku gwada haka da tsakar rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, farar riga ta ƙone a hoto, fuska ta yi duhu, kyamara ta ɗauki zafi ta mutu. Wata dattijuwa ce ta fito a matsayin uwar, kuma ba mu nuna fuskarta ko sau ɗaya ba. Hannunta muka bi tana dama fura, ludayi na zagaya ƙwarya, zoben azurfa ya nutse a yatsa, lalle ya fara gogewa. Mun ɗauka a firem 50, wato hotuna 50, cikin daƙiƙa ɗaya, na mayar da shi 25 a wurin tacewa, motsin ya yi sanyi. Sannan, ba tare da an taɓa kyamara daga inda take ba, muka sake ɗaukar wurin: tabarma na nan, ƙwarya a kife, ba kowa.

Wannan hoton na ɗora daidai inda muryar ta karye, na bar shi ya zauna. Hannun edita ƙaiƙayi yake yi ya yanka duk inda ganga ta buga, kuma a waƙar rawa hakan ne daidai. Baƙin ciki kuwa sai an ba ido lokaci ya gama neman matar nan a tsakar gida, ya rasa ta. Nuna hannu kaɗai ma da dalili: in ka nuna fuska, uwar wani ce, in ka nuna hannu, kowa tasa yake gani.

Da Oga ya dawo, bai kai rabi ba ya tsayar. "Kai, wanga waƙa ce ko zaman makoki? Ina mota? Ina duron, kyamara mai tashi sama? Mutum ya biya kuɗinai ka ɓoye mai huska?" Na ce, "Oga, Allah ya ja da ranka, a bari mai waƙar ya gani tukuna." Ya ce ba a koya masa sana'arsa. Aka hayo mota, aka fita titi da la'asar, mawaƙi na canza shadda a kowane baiti, duron na shawagi a sama, aka cika kala har ƙasar Sakkwato ta koma kamar lemo. Ni aka sa na tace, a gabansa, yana nuna mini inda zan yanka da makullin motarsa. Mawaƙin ya kalla ya ce "ya yi" a hankali. Mai neman suna ba ya jayayya da wanda aikinsa ke hannunsa.

Daga baya mawaƙin ya roƙe ni tacewar farko don ya ajiye. Ya yanki daƙiƙa 30 na wurin ƙwaryar ya sa a TikTok da WhatsApp. Kun ga abin da ya biyo baya: mutane na ta turawa suna yi wa iyayensu addu'a, bidiyon mai motar kuwa ko a maganar shayi ba a kawo shi ba. Cikin sati sai ga cikakken bidiyona a YouTube, sunan darakta na Oga, sunan edita na ɗan ƙanwarsa. Da kunnena na ji Oga yana gaya wa wani kwastoma, "Ai ni na ce a ɓoye huskar tsohuwar." Kuɗin hayar motar kuma daga haƙƙina aka cire, wai ni na jawo aka fita lokeshan sau biyu. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Kada ku ce ina gaba da duron. Waƙar yabo, ta biki ko ta siyasa tana son ɗauka daga sama, don taro da girma ake sayarwa. Ku fara tambayar me waƙar ke so mai kallo ya ji, kafin ku tambayi wace na'ura ce a ofis. A waƙar soyayya ma, tunda mu nan ba a taɓa jiki, kuma tun 2001 da aka kafa hukumar tace fina-finai a Kano kowa ya ƙara taka tsantsan, tazara ce jarinku: ƙofar zaure, gefen gyale, wanda ya fara kau da kai.

Sauran gajeru ne. In za ku rage gudun hoto mawaƙi na bin baiti, ku kunna masa waƙar da ninkin sauri, in ba haka ba baki ba zai hau ba. Ku bar fili a gefe, don za a yanka hoton a tsaye saboda waya. Ku kalli aikinku a ƙaramar waya kafin ku miƙa. Ku ajiye kwafi biyu, ɗaya a gida. Sunanku kuma a rubuta shi a takarda kafin a kunna kyamara, ko da wanda kuke wa aikin kawunku ne.