Yadda "kick" ta cinye mana darasin yau

Talata, bayan sallar isha'i.

Darasin Turanci na 'yan aji biyu na babbar sakandare ya ƙare yau a kan kalma ɗaya, wato "kick", alhali abin da na tsara shi ne mu karanta guntun labarin jarida mu amsa tambayoyi. A cikin labarin an tuhumi wani jami'i da karɓar "kickback" daga hannun ɗan kwangila, sai wani ɗalibi ya fassara mana cewa ɗan kwangilar ya rama shurin da aka yi masa. Ajin ya kwashe da dariya, amma ban ga laifin yaron ba, domin ma'anar da aka koya masa tun firamare ke nan: shuri, ko hauri, ko harbi irin na jaki. Na bayyana musu cewa ana nufin kason da ɗan kwangila yake mayar wa wanda ya ba shi aikin ta bayan fage, abin da muke kira kashe-mu-raba.

Da na tambaye su inda suka saba jin kalmar, duk sai suka nufi filin ƙwallo, kuma a nan sun fi ni sani. Suka kawo "free kick", bugun tazara, da "corner kick", bugun kusurwa, da "kick-off", wato take wasa, wanda Bature yake faɗa kuma idan za a buɗe taro ko a ƙaddamar da yaƙin neman zaɓe. Wani da yake haya da babur bayan an tashi makaranta ya tuna mana cewa shi kullum da safe sai ya buga kik.

Abin da na fi so su gane shi ne, nauyin ma'anar yana kan ɗan ƙaramin abin da yake biyo bayan kalmar. Idan "out" ce ta biyo, to kora ake nufi, kamar yadda aka yi amfani da ita a gangamin "Kick Polio Out of Africa" da Nelson Mandela ya ƙaddamar a 1996, wanda aka ga amfaninsa a watan Agusta na 2020 lokacin da aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Idan kuwa "in" ce, sai a ce magani ya fara aiki a jiki, ko sabuwar doka ta soma aiki. Wanda ya yi "kick the habit" ya daina wata mummunar ɗabi'a ce, kamar shan taba, mai cewa "I get a kick out of it" kuwa daɗin abin yake ji.

Na fi daɗewa a kan "kick the bucket", wadda take nufin mutuwa, kuma tana cikin ƙamus ɗin kalmomin 'yan tasha na Ingila da Francis Grose ya wallafa a 1785. Na ja musu kunne sosai cewa magana ce ta shaƙiyanci, daidai da a ce wane ya sheƙa barzahu, saboda haka kada wani ya ga ya samu sabon Turanci ya saka ta cikin wasiƙar ta'aziyya. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mu ma muna cewa shure-shure ba ya hana mutuwa." Na yaba mata, ko da yake karin maganar namu yana magana ne a kan ƙoƙarin da ba zai hana abin da zai faru ba.

A ɗakin malamai wani abokin aiki, wanda ya girme ni a koyarwa, ya ce na ɓata lokaci, tunda da wuya wannan kalma ta fito a jarrabawar WAEC. Na saurare shi da ladabi, amma ban yarda ba, domin irin waɗannan haɗe-haɗe ne suke kayar da yaranmu a sashen fahimtar rubutu. Na ba ajin aikin gida su tattaro abin da yake biyo bayan "break" da "run", kowanne a cikin cikakkiyar jimla, su kawo ranar Alhamis.