Kututturen da baba ya hana a tuge

Wallahi da ina yaro a gonarmu ta bakin hanyar Dakoro iska ke binne mana hatsi da rairayi, sai mu shuka har sau ukku. Baba ne ya fara barin tohon kututture lokacin sassabe, ya zaɓi biyu ko ukku masu ƙarfi ya sare sauran, maƙwabta na ta cewa ya bar gona da dauɗa. Dabarar da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, ya yaɗa nan Maradi ke nan tun 1983, wadda ake ce ma sassabin zamani.

Yau gawo ya cika gonar, da damina ya zubda ganye hatsi ya sha taki, da rani awakin inna su ci 'ya'yan. Ni ma bana kalgo shidda na bari.