Yashin Mayo Kebi da lissafin kwamfuta a kan Binuwai

Duk wanda zai ɗora kogin Binuwai a kwamfuta daga madatsar Lagdo zuwa gadar Garwa a Kamaru, ya fara zama da Mayo Kebi, wani reshen kogin, tukuna. Na yi aikin da HEC-RAS, manhajar injiniyoyin sojan Amurka da ake saukewa kyauta, don a ga ko gindin kogin zai ƙara zurfi ko zai cike. Ɓangaren ruwa bai ba da wahala ba: da Manning, lambar kaushin gindin kogi, tsakanin 0.025 da 0.035 a tsakiyar kogi, tsayin ruwa ya zo daidai da sandar awo. Rigimar a kan yashi take.

Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, yashin da ke gangarowa daga sama a cikin tafki yake kwanciya. Ruwan da ake saki yana fitowa ba kaya, sai ya ɗebo nasa daga gindin kogi. Manhaja ta bi wannan hanya tiryan-tiryan, ta nuna gindi yana ta faɗawa har Garwa. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Amma da rani, a inda lissafi ya ce an zaizaye, gorar mai kwale-kwale tana caccakar yashi, shi kuwa yana kewaye tudun da ya ce bara babu shi.

Dalilin saɓanin Mayo Kebi ne. Yana faɗawa Binuwai kafin Garwa, a ƙasan madatsa, don haka Lagdo ba ta tare masa komai. A cikin manhaja kuwa ruwansa kaɗai ya shiga. Idan ka ba reshen kogi ruwa ba ka haɗa masa jadawalin yashi ba, lissafi zai ɗauke shi ruwa ne fes, ya ƙara wa kogin yunwar yashi a kan ta ruwan Lagdo. Aikin damina guda ya tafi a kan gurbi ɗaya da ba a cike ba, kuma har yau abin yana ci mini rai, don lissafin yana tafiya har ƙarshe lafiya lau kamar komai daidai.

Cike gurbin ma ba wasa ba ne. Kwalbar da aka tsoma a saman ruwa laka take kamowa, abin da bai kai milimita 0.063 ba, wanda ke wucewa abinsa ba ya zama. Yashin da ke gina tudu kusa da ƙasa yake tafiya. In ka zana jadawali da awon kwalbar sama, ka auna abin da ba shi kake nema ba. A ɗebo daga zurfi daban-daban, a tace, a ware yashi da laka. Kuma a kula da inda ake ɗiba: saman Mayo Kebi yana ratsa tafkin Lere a Chadi, inda kayansa ke kwantawa, Mayo Luti kuma da ke saukowa daga duwatsun Mandara sai a ƙasa yake haɗuwa da shi. Awon da aka yi sama da mahaɗarsu bai ga wannan yashin ba.

Sai maganar matsakaicin ruwan yini. Mayo ba ya cika a hankali. A yi ruwa da dare a Agusta, ya tumbatsa cikin sa'o'i, kafin la'asar ya janye. A lissafin Engelund-Hansen, ɗaya daga cikin hanyoyin ƙiyasta jigilar yashi, yashin da ruwa ke ɗauka yana hawa kusan da gudun ruwa sau kansa biyar: gudu ya ninka biyu, kaya ya ninka wajen 32. Matsakaicin yini yana shafe wannan ƙololuwar, yashin Mayo Kebi ya sake ɓacewa ta wata ƙofar. A Agusta da Satumba a karanta sanda duk sa'a, a kuma gajarta matakin lissafi lokacin da ruwa ya hau.

Samfurin gindi a haƙa ƙasa da fatar sama, kamar kilo 2, a busar a digiri 105 na Celsius, a bi da shi rariya masu huda milimita 2, 1, 0.5, 0.25, 0.125 da 0.063. Lissafin Meyer-Peter Müller don tsakuwa aka gina shi, ban ga dalilin ɗora shi a kan wannan yashin ba. Taswirar SRTM kuwa, ta tsayin ƙasa da aka auno daga sararin samaniya, ba ta ganin ƙarƙashin ruwa, dole a shiga jirgi da na'urar auna zurfi.

Bayan an saka wa Mayo Kebi yashinsa, zaizayar ta tsaya a ƙasan madatsa, cikewa ta bayyana daga mahaɗa zuwa ƙasa. Abin da ya rage bai daidaita ba shi ne ramukan kusa da gari, inda tifofi ke lodin yashin gini duk rani. Wannan sai an tsaya a bakin hanya an ƙirga lodi, a cire shi daga gindi da hannu.